Alkawarin Jinka

Karatu: Luka 14:28-30, Nehemiya 2:1-18



An koma makaranta. Na san an zaɓi wasunku su riƙe ƙungiyoyin ɗalibai, wani shugaba, wata sakatariya, wani ma'aji. Wasu kuma kun wuce wannan mataki, kuna koyarwa ko kuna bautar ƙasa, an roƙe ku ku zama iyayen ƙungiya. Cikin makonnin nan za ku taru a wani aji, wani ya ɗauki alli ya ce, "To, me za mu yi bana?" Kafin ranar ta zo, bari in ba ku labarin shekarar da ni na riƙe allin nan. Ba na jin daɗin ba da labarin, gama kuskuren nawa ne, amma wata dabam ce ta kwana cikin ruwa saboda shi.

Ban daɗe da gama kwalejin tauhidi ba aka tura ni wata ikkilisiya a wani ƙaramin gari. A bakin garin akwai makarantar sakandare ta jeka-ka-dawo. Taruwar ɗalibai domin addu'a da nazarin Littafi Mai Tsarki ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Tun 1957 da aka kafa FCS a Gindiri ake ta yin haka a makarantun arewacin Najeriya, ni ma a ciki na taso. Amma waɗannan yara sun zo da wata bukata dabam. Suka ce suna so su kafa ƙungiyar hidima, wadda za ta riƙa fita safiyar Asabar tana yi wa mutanen gari aiki kyauta. Shugaban makaranta ya ce ya yarda, muddin akwai manya biyu da za su tsaya musu. Wata malamar Turanci ta amsa, ni ma na amsa da murna.

Taronmu na farko ya cika aji. 'Yan SS3 suna gaba, ƙananan suna baya a tsaye. Na ce kowa ya faɗi abin da Ubangiji ya sa a zuciyarsa. Wani ya ce a share kasuwa, na rubuta. Wata ta ce a ziyarci gidan yari, na rubuta. Aka ce asibiti, aka ce marayu, aka ce dashen itatuwa, aka ce a koya wa 'yan firamare karatu. Duk wanda ya buɗe baki sai in ce "Amin" in ƙara layi. Kafin a tashi, ayyuka 14 ne a allo. Ba wanda ya tambayi nawa za su ci, ba wanda ya ƙirga ranakun da muke da su. Na rufe taron da ɗan wa'azi a kan bangaskiya, na koma gida zuciyata fari, ina ganin an yi wa Allah babban aiki.

Ɗaya daga cikin layukan nan 14 shi ne, "Gyaran ɗakin gwauruwa." Akwai wata tsohuwa a bayan kasuwa, kowa Gwaggo yake ce mata. Mijinta ya rasu da daɗewa, ba ta da ɗa a raye. A watan Oktoba, ruwa yana gab da ɗaukewa, muka je gaishe ta. Ɗakinta na ƙasa ne mai jinka. Jinkar ta yi baƙi, ta lotsa a gefe ɗaya, in ka ɗaga kai a ciki kana hango sararin sama. A ƙasa ga kwanoni da gwangwanaye a jere, kowanne an ajiye shi daidai inda yake ɗiga. Yaran suka yi shiru. Sai shugabansu, yaro mai zuciyar kirki ƙwarai, ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, kada ki damu. Kafin damina mai zuwa za mu yi miki sabuwar jinka." Ya waiwayo ya dube ni, na gyaɗa kai. Tsohuwar ta ɗaga hannu sama tana sa mana albarka ɗaya bayan ɗaya.

Da muka zauna raba ayyuka bisa ga zangon karatu, wani ya ce tun da jinkar ita ce babban aiki, a bar ta zuwa zango na uku, mu rufe shekara da ita. Kowa ya ce ya yi. Na tuna wata ƙaramar yarinya 'yar JSS2 a can baya ta ɗaga hannu. Lokaci ya riga ya ƙure, malamar tana duba agogo, sai na ce, "'Yata, ki riƙe maganarki sai taro na gaba." A taro na gaba ban tuna ba, ita ma ba ta sake ɗaga hannu ba.

Daga nan shekara ta fara gudu yadda ta saba. A zango na farko muka share kasuwa sau biyu, sai koyon waƙoƙin Kirsimeti ya shigo, sai jarrabawa. A zango na biyu ga gasar wasanni ta makaranta, ga jarrabawar gwaji ta 'yan SS3, ga shirin JAMB. Muka kai sabulu asibiti, muka dasa itatuwa cikin rani, duka suka bushe domin ba mu sa kowa ya riƙa ba su ruwa ba. Kuɗin mako da yara suke tarawa, naira 20 kowanne, yana aljihun ma'aji, ana ɗiba kaɗan-kaɗan ba a rubutawa. Ba wanda ya ci ko kwabo, amma ba wanda zai iya faɗin abin da ya rage.

Aka dawo hutun Ista, ruwa ya riga ya sauka. A watan Mayu aka fara WAEC, bayanta NECO tana jira. A nan ne na ga abin da ya kamata in gani tun Satumba: shugaba, mataimakiya, sakatariya da ma'aji, dukansu 'yan SS3 ne. A rana ɗaya ƙungiya ta rasa shugabanninta gaba ɗaya. Sauran yaran kuwa, yawancinsu 'ya'yan manoma ne, Asabar a gona take iske su. Na aiki wani ya nemo mana shuci, ya dawo ya ce babu, tun cikin hunturu aka ƙone daji, wanda ya yanka ya ajiye kuma don ɗakinsa ya ajiye. Na ce a raina, bari jarrabawa ta wuce, za mu san abin yi.

Wani dare cikin watan Yuni aka yi ruwa da iska mai ƙarfi. Ranar Lahadi bayan sujada, wata uwa daga zumuntar mata ta tsayar da ni a bakin ƙofa ta ce, "Fasto, ka je ka ga Gwaggo kuwa?" Ko rigar wa'azi ban tuɓe ba na tafi. Jinkar ta rufta ciki. Gefe ɗaya na bangon ya sha ruwa ya zube. 'Yar dawar da take ci ta jiƙe har ta fara tsiro a cikin buhu. Allah ya kiyaye ranta, gama ta ji ƙarar itace ta rarrafo waje kafin abin ya faɗo. Maƙwabciyarta, wata mata Musulma, ita ta fito cikin ruwan ta ɗauke ta, ta ba ta wuri a ɗakinta. A can Gwaggo ta zauna har damina ta wuce.

Na same ta a zaune a kan tabarma, an lulluɓe ta da zane. Na rasa abin faɗa. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Cikin hira ne kawai ta ce, "Ɗana, ai ɗan ƙanen maigidana ya zo daga ƙauye wajen Kirsimeti, ya ce zai kawo ciyawa ya yi mini baibaya. Na ce masa ya bar shi, kada ya wahala, 'ya'yan Yesu sun riga sun ɗauki aikin."

Shekaru da yawa sun wuce, amma maganar nan ba ta bar kunnena ba. Da ba mu je gidanta ba sam, da ta kwana a busasshen ɗaki. Alkawarinmu ne ya kori taimakon da Allah ya aiko mata. Kuma ba sunan ƙungiyarmu ta kira ba, ba ta ma san sunan ba. Sunan Yesu ta kira. Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Mu muka ɗauki kayan da sunan Ubangiji a rubuce a jiki, muka ajiye a hanya muka manta.

A daren nan na buɗe Luka 14, wurin da Yesu ya ba da misalin mai ginin hasumiya da bai zauna ya yi lissafi ba, ya kafa harsashi ya kasa gamawa, masu wucewa suna yi masa ba'a. Na san nassin, na taɓa rubuta jarrabawa a kansa. Na san Yesu yana magana ne a kan abin da bin sa zai ci wa mutum. Amma ban taɓa haɗa shi da allo da alli ba. Hidima ga maƙwabci sashe ne na bin Yesu, saboda haka ita ma tana bukatar a zauna a yi lissafi. Na kuma lura da wani abu. A misalin, mai ginin ne ya sha kunya. A hidima kuwa, in ba a gama ba, wanda aka yi wa alkawari ne ruwa yake duka. Mu da muka kasa mun kwana a ƙarƙashin kwano.

Bayan 'yan kwanaki na nemi yarinyar nan 'yar JSS2. Na ce, "'Yata, ranar da kika ɗaga hannu, me kike so ki faɗa?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba Fasto, so nake in ce shuci da kaka ake yankansa, kafin a sa wa daji wuta, kuma da rani ake baibaya. Babana shi yake yi wa mutanen ƙauyenmu jinka." Amsar duka tana cikin ajin tun ranar farko, a bakin mafi ƙanƙanta a cikinmu, ni kuwa na ce ta jira domin lokaci ya ƙure.

Kafin a rufe makaranta na tara waɗanda suka rage, na faɗa musu abin da ya faru, na ce laifin nawa ne. Su yara ne masu himma, ni ne babban da aka sa ya tsaya musu, aikina ne in tambayi "yaushe" da "nawa" da "wa zai yi", ban tambaya ba. Na kuma kai maganar gaban dattawan ikkilisiya, aka auna wa Gwaggo hatsi daga baikon jama'a. Sauran aikin dole ya jira rani, gama ba a ginin ƙasa cikin ruwa.

Da Satumba ta zagayo muka sake zama, amma a wannan karo ba mu fara da "me za mu yi" ba. Malamar ta zana watanni a allo, daga Satumba zuwa Yuli. Muka ɗora kalanda uku a kai: ta makaranta, ta gona, da ta ikkilisiya. Zango yakan kai mako 13 ko kusa da haka. Muka cire makon farko da na ƙarshe, da hutun rabin zango, da makon bita, da mako biyu na jarrabawa. Muka cire Asabar ɗin girbi da na shuka da na noma, domin iyaye suna da hakki a kan 'ya'yansu. Muka cire na taron ikkilisiya da na shirin Kirsimeti. Da muka ƙirga abin da ya rage, Asabar 15 ne a shekara duka: 5 a zango na farko, 6 a na biyu, 4 a na uku. Ajin ya yi tsit. Bara mun ɗauki ayyuka 14, wato kusan kowane aiki Asabar ɗaya, alhali jinka kaɗai tana cin biyar.

Wani yaro ya tashi ya ce, "Fasto, wannan ƙirge-ƙirgen ba rashin bangaskiya ba ne? Ba a ce kada mu damu da gobe ba?" Tambaya ce mai kyau, na san wasunku ma za su yi ta. Abin da Yesu ya hana a Matiyu 6 shi ne alhini, irin wanda yake cin zuciya kamar ba mu da Uba. Abin da Yakubu ya tsauta a sura 4 kuma shi ne fariya, mutum ya tsara gobe kamar ransa a hannunsa yake. Ba ɗayansu da ya ce a yi aiki da ka. Muka buɗe Nehemiya tare. Daga watan da ya ji labarin rushewar garun Urushalima zuwa watan da ya yi wa sarki magana, wajen wata huɗu ne, yana addu'a da azumi. Amma sa'ad da sarki ya tambaye shi, amsa tana bakinsa: ya faɗi tsawon lokacin da zai yi, ya roƙi wasiƙu zuwa ga masu mulkin hanya, ya roƙi katako daga dajin sarki. Da ya isa Urushalima ya yi kwana uku, sa'an nan ya fita da dare ya duba garun da idonsa kafin ya ce wa kowa komai. A sura 3 an rubuta wanda ya gyara kowane sashe, har da wani shugaba da ya yi aiki tare da 'ya'yansa mata. Aka gama garun cikin kwana 52. Mutumin da ya fi kowa addu'a a littafin shi ne kuma ya fi kowa shiri.

Saboda haka muka yi koyi da fitar daren nan ta Nehemiya. Muka ba da Asabar ta farko ga tambaya kawai. Yara suka fita bibbiyu, da doka ɗaya: ku gaisa, ku tambaya, ku saurara, ku rubuta, kada ku yi wa kowa alkawari. Ko Ubangiji da kansa, da ya tsaya gaban Bartimawas makaho, sai da ya tambaye shi abin da yake so a yi masa. Abin da suka dawo da shi ya ba mu mamaki. A ɗakin shan magani, inda bara muka kai sabulu muka yi waƙa, ma'aikaciyar jinya ta ce sun gode da sabulun, amma abin da yake damunsu shi ne magudanar ruwan da ta toshe a bayan ginin, ruwa yana kwanciya, sauro yana haihuwa a kusa da gadon marasa lafiya. A makarantar firamare aka ce akwai yara 'yan aji huɗu da ba su iya haɗa baƙi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Muka zaɓi ayyuka uku kawai: ɗakin Gwaggo, karatun 'yan firamare, da magudanar ruwa kafin ruwan farko. Barin sauran ya yi wa wasu zafi, musamman yarinyar da take son zuwa gidan yari, gama yayanta yana can. Muka rubuta nata a shafin baya domin shugabanni masu zuwa, ni kuma na raka ta da kaina wata rana. A gaban kowane aiki muka rubuta rana, da kuɗin da zai ci, da sunan mutum ɗaya da za a tambaya in abin ya tsaya. Mun riga mun ga cewa aikin da aka ce "kowa da kowa" zai yi, ba mai yin sa. A gaban jinka aka rubuta sunan yarinyar nan, yanzu tana JSS3, aka haɗa ta da wani ɗan SS2 ya taimake ta. Wasu manyan suka yi gunaguni. Na ce musu wanda ya san aiki shi ke gaba, ko da shi ne ƙarami.

Muka gyara zancen kuɗi. Aka sayi littafin rubutu, ma'aji yana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, kuɗin kuma yana hannun malama. Ba a fitar da ko naira ɗaya sai mutum biyu sun sa hannu. A taron farko na kowane wata ana karanta lissafi a gaban kowa. Ma'ajin ya ɗan ji haushi da fari, yana ganin ba a amince da shi ba. Na nuna masa 2 Korintiyawa 8, inda Manzo Bulus bai yarda ya ɗauki gudummawar ikkilisiyoyi shi kaɗai ba, sai tare da waɗanda aka zaɓa, don kada kowa ya sami abin zargi. Littafin nan kariya ce ga mai riƙon kuɗi. Yaro ɗan shekara 16 bai kamata a bar shi shi kaɗai da jaraba, ko da zargin da ba zai iya wanke kansa ba.

Muka kuma tuna cewa 'ya'yan mutane ne a hannunmu. Kowace fita sai da sanin shugaban makaranta da takardar iyaye. Ba a fita sai da babba, in akwai 'yan mata kuma sai da malama. Kowa ya koma gida kafin rana ta yi tsaka sosai. Ba yaron da zai hau bango ko ya riƙe lauje ba tare da wanda ya iya aikin yana tsaye ba. Ga ku na yanzu da kuke da waya a aljihu, zan ƙara ɗaya: kada ku ɗauki hoton talaucin mutum ku sa a Facebook. Ku karanta farkon Matiyu 6. Tsohuwar da aka taimaka tana da mutuncinta, ba ta sayar muku da shi da ɗaurin ciyawa ba.

Sai da muka gama wannan duka muka koma wurin Gwaggo. Na durƙusa na roƙi gafararta a gaban yaran da maƙwabciyarta. Ta ce ta yafe tun tuni. Sa'an nan na ce, in Ubangiji ya yarda, muna so mu cika abin da muka faɗa. Ta dube ni ta ɗan jima, ta ce, "Wace rana?" Bara ba ta yi wannan tambaya ba, mu muka koya mata ita. Yarinyar ta buɗe littafi ta karanta mata ranakun ɗaya bayan ɗaya.

A watan Nuwamba muka yi Asabar biyu muna yankan shuci, baban yarinyar yana nuna mana wanda ya ƙosa. Asabar ta uku muka zauna a inuwa muna yanta, ana jera ciyawa ana ɗaure ta da igiya ta zama dogon layi, a naɗe. Cikin hutun Kirsimeti dattawa suka biya magini ya ta da bangon da ya zube. Da aka dawo a Janairu aka ɗaura tsaikon jinkar a ƙasa, Asabar ta biyar kuma aka yi baibaya, daga ƙasa ana zagayawa har ƙoli. Da aka zo ɗagawa, ƙarfin yaranmu bai isa ba. 'Ya'yan maƙwabciyar nan maza suka fito, wasu masu wucewa suka ajiye kekunansu, aka kewaye ta aka ɗaga gaba ɗaya aka aza a kan bango. Tun ina yaro nake jin ana cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ranar na ji nauyin maganar a kafaɗata. Gwaggo ta shiga ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo. Sa'an nan ta fara tattara gwangwanayen nan tana fitarwa waje.

Abu na ƙarshe da muka canja shi ne lokacin miƙa ragama. Muka yi zaɓe a watan Fabrairu, aka ɗauko sababbin shugabanni daga SS2, suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa da tsofaffin har hutun Ista. Da WAEC ta zo, ƙungiya ba ta ko girgiza ba. Su sababbin ne suka riƙe Asabar huɗu na zango na uku, suna komawa duba magudanar da aka yashe, suna ziyartar marasa lafiya. Bulus ya gargaɗi Timoti ya danƙa abin da ya koya ga amintattu da za su iya koya wa wasu. A makarantar sakandare wannan ba abin jira ba ne, gama kowane shugaba yana da 'yan watanni ne kawai. Ranar da aka zaɓe ka, ranar ya kamata ka fara duban wanda zai gaje ka. Littafin da ake miƙa wa sababbi yana da lissafin kuɗi, da sunayen mutanen gari da suka taimaka, da shafi ɗaya mai kan magana, "Alkawaran da ba mu cika ba tukuna." Ni na rubuta layin farko a shafin da hannuna.

Ban ce muku komai ya gyaru ba. Daminar da Gwaggo ta yi a ɗakin wata ba ta dawowa. Wasu daga cikin 'yan SS3 na shekarar farko sun bar makaranta da tunanin cewa hidima surutu ce kawai, ban sami zarafin gyara wannan a zuciyarsu ba. Har yau in na tuna da su nakan yi musu addu'a.

'Yan'uwana matasa, himmar da take cikinku baiwa ce daga Allah, kada kowa ya kashe muku ita. Amma ranar da za ku zauna tsara shekara, ku sani kun riga kun fara hidimar, ƙirga Asabar ɗin ma ƙauna ce ga wanda zai dogara da maganarku. Ku fara da addu'a, ku je ku tambaya, ku ɗauki abin da za ku iya kaiwa ƙarshe. In ƙaramin cikinku ya ɗaga hannu, ku tsaya ku ji shi ko lokaci ya ƙure. In kuwa akwai wani a garinku da ƙungiyarku ta yi wa alkawari bara, yana nan yana jira, shi ne layin farko a allonku na bana.

Bari mu yi addu'a.

Ya Uba na sama, kai mai aminci ne, ba ka taɓa faɗin magana ka fasa ba. Ka gafarta mana alkawaran da muka yi da sunanka muka bari a hanya. Ka ba shugabannin ɗalibai na wannan shekara hikimar zama su yi lissafi, da tawali'un sauraron ƙanana, da jimiri su gama abin da suka fara. Ka tuna da gwauraye da marayu da duk masu jiran taimako a garuruwanmu, kada su sha wahala saboda sakacinmu. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.